Da Muryata Ta Ɗauke, Karatun Injiniya Ya Tsaya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya bar mini numfashi, ko da yake Ya rage mini murya, shi ya sa na koma ga alƙalami. Sunana Ramatu, ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida a garin Gaya. Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutu. Uwata takan ce tun ina goye nake sa baki a cinikinta. Jinyar da zan ba da labari ta mutum biyu ce a gida ɗaya. Tawa ta bar tabo a wuya, kowa yana gani yana yi mini sannu. Ta maigidana ba ta da tabo, kuma ita ce ta so raba shi da aikin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ginawa. Da izininsa nake rubutawa, don na tabbata akwai irinsa zaune a birori, wato ofisoshi, da yawa, suna shafa aljihu suna cewa sun manta tabarau.

Maigidana Injiniya nake ce masa, kamar yadda gari yake ce masa. Ya karanta aikin gona a Yamai, ya je ƙaro ilimi waje, ya dawo ya zama shugaban ma'aikatar da ke kula da noman shinkafa na rani a bakin kogi, tun daga nan Gaya har Tunuga. Idan ya tashi a taro ba ya riƙe takarda. Zai yi Faransanci ya juya Hausa ya juya Dandanci, ya faɗi faɗin kowace gona da sunan mai ita, mutane su riƙe baki. Ni kuwa iyakata takardar brebe, daga aji huɗu na sakandare aka yi mini aure.

Tun makon farko na aurenmu muka kafa wata al'ada. Idan ya dawo masallacin asuba zan ajiye masa koko da ƙosai, shi kuma ya miƙo mini takardun biro ya ce, "Ramatu, karanta min wanga, idona ya gaji." Ina karantawa yana zagaya tsakar gida, hannu a baya. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Na ɗauki abin girmamawa ne, har ina yi wa ƙawayena fankama cewa sirrin ma'aikata sai ya bi ta bakina kafin ya isa wurin manyansu a Doso.

Kuma wa zai yi zargin wani abu? A wurinmu babban mutum ba ya karatu da kansa. Daga mai gari zuwa alhazai masu manyan motocin kamiyo har shi kansa perefe mai mulkin yankin, idan aka miƙo takarda sai su miƙa wa na ƙasa su ce, "Karanta muna mu ji." Babu mai tambaya ko iyawa ce babu ko girma ne ya hana. A biro sakatare ne yake karanta masa gajeru, idan zai ba da amsa ya faɗa da baki a buga. A waya kuwa duk Gaya saƙon murya muke yi. Idan aka ritsa shi a wani wuri sai ya shafa aljihun gaba ya ce ya bar tabarau a gida. Tabarau kam yana da su cike da durowa, irin na kan faranti da ake sayarwa a kasuwar Malanbil.

Maƙoƙo ne ya fito mini, ya yi ta girma har haɗiya ta fara yi mini wuya. Bayan babbar salla aka yi mini aiki a Yamai. Ina gode wa likitocin da suka yanke shi, hannunsu ya yi kyau, Allah Ya saka musu. Amma ina da ƙorafi: babu wanda ya zaunar da ni ya ce mini murya tana iya tafiya. Na farka na buɗe baki zan ce a ba ni ruwa, sai iska kawai ta fito. Sai a lokacin likita ya ce jijiyar murya ta taɓu, wataƙila ta dawo cikin watanni, wataƙila rabi. Ya haɗa ni da wata mai gyaran murya da magana, ortofonis suke ce mata, ya ce in riƙa zuwa wurinta.

Muka dawo Gaya, gida shiru, don yaran duk suna karatu a Doso da Yamai. A makon farko na sa aka sayo mini allon ƴan lakol, wato makarantar boko, da alli. Na ce ai abin ya zo da sauƙi, mijina injiniya ne. Sai in rubuta, "A dafa mini ruwan zafi," in ɗaga masa. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, to," ya fita ya dawo da rake. In rubuta, "Ka ce wa mai leshi ta dawo jibi," ya ce, "To," matar ta zo washegari ta same ni kwance. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata rana na cika allon gaba da baya da faɗa, har da maganar cewa ciwo ne ke nuna wa mace matsayinta. Ya riƙe allon ya daɗe, sannan ya ce, "Allah shi ba ki lahiya, Ramatu," ya ajiye ya tafi aiki. Na yi kuka don na ɗauka raini ne.

A mako na biyu takardu suka fara taruwa a kan teburinsa na ɗaki. Da asuba zai sha koko a tsaye, ba ya zagaya tsakar gida. Ya fara ciwon kai, ya rage cin abinci, kifin Tunuga da yake so ma sai ya tsakura ya ture. A lokacin an kawo sabon shugaba a Doso, mutum mai son rubutu, wanda yake turo dogayen saƙonni ta waya yana son amsa kafin la'asar. A tsakiyar ɗaya daga cikinsu aka sanar cewa za a yanke wutar injinan ban ruwa na wasu kwanaki don gyara, a gaya wa manoma su tanadi ruwa. Injiniya bai gaya wa kowa ba. Irin shinkafar da manoman wani yanki na Tunuga suka yafa don dashe ya ƙone ƙurmus. Suka zo ƙofar gidanmu, ba su yi zagi ba, suka zauna kawai a kan tabarma suna jiransa. Ina leƙensu ta taga, ba ni da bakin ko yi musu sannu da zuwa.

Mako na uku ne idona ya buɗe. Bayan la'asar ina zaune sai na ji leɓuna suna tsiyaya kamar tururuwa na bi, yatsuna suka fara ƙandarewa, maƙogwaro ya matse. Da ƙyar na riƙe alli na rubuta, "Hannuna yana ƙandarewa, numfashi yana yi mini wuya, kai ni asibiti." Na miƙa masa. Tabarau suna fuskarsa a ranar, ba damar ya ce ya manta su. Na ga ya sa yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, leɓunansa suna motsi, ya koma baya, ya sake farawa. Zufa ta keto masa. Ina kallonsa numfashina yana tafiya, shi kuma yana kan layin farko. Sai ya yar da allon, ya dubi hannuwana, nan take ya gane, ya ɗauke ni cak zuwa mota. A asibiti suka ce wani gishirin jiki ne ya yi ƙasa saboda aikin da aka yi, suka sa mini ruwa, jikina ya saki. Ina kwance ina dubansa, shi yana duban ƙasa. Mu biyu mun san abin da na gani.

Daga ranar ya shige ɗaki. Ya aika biro cewa ba shi da lafiya, idonsa ne. Kafin a ce me, dangi sun cika gida. Yayarsa, Yaya Gambi, ta zo daga Bana da ƙullin magani a bakin zane. Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Hamidu, wanga ba ciwon asibiti ba na. Sammu na. Kujerakka suka so, sunka ruhe maka ido. Mutum da takardu har na ƙasar waje a ce ba shi ganin rubutu?" Ta kawo rubutu a gora, ya sha safe da yamma bai yi musu ba. Ban raina addu'a ba, ni ma na sha nawa, amma na ji wani iri ganin mutumin da rubutu ya hana barci ana wanke masa rubutu yana sha. Ƙanensa da ke Kamba ya ce maganar banza ce, a kai shi asibitin ido a Birnin Kabi. Wani abokinsa ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ya bar gishiri. Kowa da nasa, ni da na san wani abu ba ni da murya, kuma ko da ina da ita ban san sunan abin ba.

Muka bi ta Kamba muka je Birnin Kabi. Tun hantsi muke kan benci har aka kira azahar. Likitan ido ya sa shi gaban allon haruffa, ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya har na ƙasa ƙanana. Likita ya yi dariya ya ce idonsa ya fi nasa, ya tambaye shi wa ya ba shi waɗannan tabarau. Na zaci zai yi murna. Sai na ga fuskarsa ta ƙara ɓaci har muka shigo Gaya.

Mako ya zagayo muka je Doso, saboda ciwon kai. Likitan can ya ce a yi hoton ƙwaƙwalwa a Yamai. Saniyar da muke kiwo a Bana ita ta tafi a wannan hoton da kuɗin kar, wato bas, da masauki, ni kuma jarin atamfata yana ta zurarewa a farmasi. Hoto ya fito fes. Abin da ya ba ni tsoro shi ne duk lokacin da aka ce masa lafiyarsa ƙalau sai ya ƙara lalacewa. Daga baya ya gaya mini yana ta roƙon Allah a sami wani ƙari a kansa, don a ce ciwo ne ya zo masa da girma, ba haka yake ba tun asali.

A masaukinmu na Yamai, bayan sallar magariba, ya ce mini ya yanke shawara. An sa ranar babban taro kafin noman gaba, inda zai tsaya gaban manoma da perefe da shugaban Doso ya yi bayanin irin da ya ƙone. Ya ce, "Ba ni zuwa. In mun koma ajiye aikin nika yi. Gara in tahi da mutuncina da a tone ni gaban mutanen da na koya ma aiki." Na jawo allo zan rubuta, sai na tuna, na ajiye. Ban taɓa jin ƙuncin rashin murya kamar na wannan lokaci ba.

Washegari ranar ganin mai gyaran muryata ce. Madam muke ce mata, Bazabarma ce, doguwa, ba ta da gaggawa. A lokacin na fara samun ɗan raɗa, idan mutum ya kawo kunne kusa. Da muka gama ta miƙa wa Injiniya wata takarda, ta kira shi Mushe irin na Faransanci, ta ce, "Mushe, ga kalmomin da za ta riƙa maimaitawa a gida. Karanta mata na farkon mu ji yadda za ku yi." Ya shafa aljihu ya ce, "Wallahi na mance tabarau." Ga su nan kuwa, kansu ya leƙo daga aljihun. Madam ta dubi aljihun ta dubi takardar. Ni na tattara duk iskar da ke ƙirjina na ce, "Madam, shi ma ki duba shi."

Kallon da ya yi mini ban taɓa ganin irinsa ba tun da aka kai ni gidansa. Ya tashi ya fita. Na same shi a bakin titi, muka koma masauki yana gaba ina baya kamar baƙi. Na kwana da tunanin na kashe aurena da kalma shida. Da safe ya sa hula ya ce, "Tashi ki raka ni wurin matar nan."

Madam ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce yara ta saba gwadawa, kuma kayan gwajin da take da su don yaran wata ƙasa aka yi su, ba don magidanci mai digiri da ya taso da harshe uku ba. Ta ce irinsa sun fi wuyar ganewa, domin ya haddace kamannin kalmomi masu yawa, sauran kuma yana cinkarsu da kaifin hankali, sai gwaji ya nuna lafiya lau alhali mutum yana nutsewa. Shi ya sa ba da takarda ta fara ba. Zama na farko tambaya ce kawai, ta ce ya ba ta labarin lakol tun daga aji ɗaya.

A nan na ji abin da ban taɓa ji ba a zaman aurenmu. Ya ce bai taɓa cin komai a dikte ba, wato rubuta abin da malami ya faɗa, sai sifiri, kuma kowane sifiri da bulalarsa. Ya maimaita ajin ƙarshe na firamare, mushe, wato malamin aji, yana ce masa mai wayon baki da mataccen kai. Lissafi ne ya cece shi. A lise, babbar sakandare ta Doso, ya sami aboki, Haruna, suka yi musaya: Haruna ya karanta masa darasi da ƙarfi, shi ya buɗe wa Haruna lissafi. A jami'a shi ne mai haɗa ƙungiyar bita, mai sayen shayi, don a karanta yana ji. A ɗakin jarrabawa yakan ƙare rabin lokaci a kan tambaya, ya rubuta amsa gajera da lambobi da zane, malamai su yi tsaki a kan rubutun su ba shi maki a kan aikin. Da ya gama karatu ya yi aure. Da ya zo nan sai ya kau da kai, bai dube ni ba. Ni ma na sha jinin jikina, na tambayi kaina ko don brebe ɗina ya zaɓe ni. Har yau ban tambaye shi ba.

Zama na biyu Madam ta ce in jira a waje. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Ta ba shi shafi ta kunna agogo, na ji yana karantawa daidai amma kamar mai tafiya cikin laka. Sai ta ba shi wasu kalmomi da babu su a duniya, ƙirƙirarsu aka yi don kada haddar mutum ta taimake shi. A nan ya zube. Mutumin da yake magana gaban gwamna na ji yana haɗa harafi da harafi yana kuskure yana cewa, "Pardon, Madam." Sannan ta karanta masa wani dogon labari da bakinta ta yi masa tambayoyi, ya amsa duka har ya gyara mata wani lissafi da ke ciki. Ta yi masa dikte, na ji shiru mai tsawo. Ina kan benci hawaye suna zuba, babu sauti, masu jira suka zaci wuyana ne ke ciwo.

Da ta kira ni ciki, kafin ta yi magana ya riga ta. Ya ce, "Madam, hwaɗa min gaskiya. Takardun nan nawa, satarsu na yi ko?" Ashe abin da yake ci masa rai ke nan tun yana saurayi. Ta ce, "Kala suru, sai haƙuri, Mushe. Sunan abin disleksi. Ba ido ba ne, ba hankali ba ne, ba kuma wanda ya yi maka. Haka aka haife ka, ƙwaƙwalwarka tana wahalar haɗa harafi da sauti. Babu ƙwayar da za ta cire shi. Takardunka kuwa naka ne, sai dai ka biya su ninki biyu." Ni na fahimci abin da hankalin ƴar Gaya: akwai mai bi ta kan gada, akwai mai zagayawa ta kwale-kwale, kayan dai sun iso. Shi duk rayuwarsa a kwale-kwale ya yi ta, kuma ni ce matuƙin ban sani ba.

Ina gode wa Madam har ƙarshen raina. Ta nuna masa yadda waya za ta karanta masa saƙo da baki, da yadda zai faɗa ta rubuta. Amma ƙorafi yana nan. Me ya sa sai da aka yanke mini wuya kafin mu san akwai mai wannan sani? Likitoci uku muka wuce, babu wanda ya tambaye shi yaya karatu yake a wurinsa. Daga Gaya sai ka kwana a hanya da guzuri kafin ka ga irin Madam. Rahoton da ta rubuta kuma, da kuɗinsa, babu biron da ya san abin da zai yi da shi. Da muka koma gida na yi wa Yaya Gambi bayani da raɗa, ta tafa hannu ta ce, "Saniya guda anka kashe don a ce maka ba ka iya karatu ba? To ai ni ma ban iya ba, kuma kyauta na sani."

Bai ajiye aikin ba, bai kuma ce zai je taron ba. Ranar taron na ga ya sa babbar riga, sai na ɗauki gyale na bi shi, na zauna can baya cikin mata manoma. Ya yi bayanin shekara da ka kamar yadda ya saba, har na fara sakin jiki. Da aka zo kan irin da ya ƙone, shugaban Doso ya zaro saƙon nan an buga shi a takarda, ya miƙa masa ya ce, "Injiniya, karanta wa jama'a da kanka, su ji ko an sanar da kai ko ba a sanar ba." Al'adar da ta rufa masa asiri shekara da shekaru ita ta juyo masa: yau akwai wanda ya fi shi girma a ɗakin, shi ne na ƙasa da ake miƙa wa takarda.

Na ga hannunsa ya tafi aljihu. Ya zaro tabarau, ya dube su, ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "An sanar da ni. Saƙon ya zo, shina cikin wayata. Ban kai ga wurin ba, don karatu shina ba ni wuya tun ina yaro, shafi guda sai in wuni kansa. Tun da na yi aure matata ka karanta min, ga ta can baya, anka yi mata aiki murya ta tahi. Na ji kunyar in roƙi wani. Laihina na, ba na kowa ba."

Wani saurayi ya yi dariya aka harare shi. Matan da ke kusa da ni duk suka juyo suna kallon wuyana. Sai wani dattijo daga Tunuga, cikin waɗanda suka zauna a ƙofar gidanmu, ya miƙe ya ce, "Injiniya, mun ji, kuma ba mu ƙi ka ba. Amma da ka hwaɗi tun hwarko, ɗiyanmu nawa ka zuwa lakol? Da mun ba ka guda ya karanta maka, da irinmu bai ƙone ba." Injiniya ya ce, "Gaskiyarka, Baba."

Ba a kore shi ba, amma an karɓe shugabancin. Yanzu yana aikin gona a ƙarƙashin wani da shi ya koya masa auna ruwa. A gari akwai masu gaishe shi fiye da da, akwai kuma masu cewa ashe injiniyan bogi ne, kuma maganar tana dawo mini ta bakin masu sayen atamfa. Wani lokaci ina jin haushinsa da ya ɓoye mini, wani lokaci haushin mushen da ya doke shi, wani lokaci haushin dattijon nan da ya faɗi gaskiya. Ciwon kai dai ya tafi, yana cin abinci. Tabarau na kwashe na raba wa tsofaffin unguwa masu tsintar shinkafa. Har yanzu idan aka miƙo masa takarda hannunsa yana zuwa aljihu, ya tarar babu komai, sai ya ce, "Karanta min, ni ba ni da sauri."

Ga wanda yake da irin wannan a gida, ko a jikinsa: idan likitan ido ya ce lafiya, kada a sayar da saniya tukuna. A tambayi mutum yadda ya yi da dikte yana yaro, a nemi masu gwada karatu, kuma kada digiri ya rufe wa kowa ido. Wanda yake ɓoyewa kuma ya sani ba shi kaɗai zai biya ba.

Muryata rabi ta dawo, a dishe, shafi ɗaya take ɗauka ta gaji. Dogayen takardu waya ce take karanta masa yanzu, tana kiran Tunuga da wani suna da ko uwar garin ba za ta gane ba. Da na rubuta wannan labari ya ce ba zai ba da izini ba sai ya ji. Muka riƙa yinsa kaɗan-kaɗan da asuba, koko a gabansa, ni ina karantawa yana zagaya tsakar gida. Da na iso wurin allon nan da numfashina, muryar ta ɗauke ɗif. Na yi ta ƙoƙari, iska kawai. Sai ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma, ya karɓi takardar, ya sa yatsa a ƙarƙashin layin, ya ci gaba daga inda na tsaya. Kokon ya huce, rana ta hau katanga, masu tallan doya suka zo suka wuce, yana kan shafin. Ya yi kuskure da yawa. Ban gyara masa ko ɗaya ba, na bar shi har ya kai ƙarshe.